Sunan Vischer: gaskiya da ƙari a labarin Ɗan Hausa

Duk wanda ya zauna da ɗaliban Hausa a birnin Zazzau ya san ba a daɗewa ana hirar tarihin boko sai an ambaci Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer. Labarinsa ya sha yawo a baki har tsaki ya gauraya da tsakuwa, ya kamata a tsince.

Ana cewa sunan Vischer na Jamusanci ne. Wannan gaskiya ne. Vischer tsohuwar hanya ce ta rubuta Fischer, ma'anarsa masunci. Sunan sana'a ne da ya zama na zuriya, kamar yadda ake cewa gidan maƙera ko gidan majema a cikin birni. Masu Fischer suna da yawa a Jamus, masu rubuta shi da V ne ƙalilan. Kakannin Hanns daga wajen Augsburg suka taso, suka zauna a Colmar, daga baya suka kafu a Basel, inda suka yi suna a kasuwancin siliki.

Ana cewa shi Bajamushe ne. A nan an kuskure. A Basel ta ƙasar Suwizalan aka haife shi a 1876, ya yi karatu a Cambridge, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila a 1903. Cikin Jamusawan da suka shigo Zariya tun kafin zuwan mulkin Turawa akwai Paul Staudinger, a 1885.

Ana cewa ɗan mishan ne. Da gaskiya a ciki, domin ƙungiyar mishan ta CMS ce ta fara kawo shi ƙasar nan, amma bai daɗe ba ya koma aikin gwamnati. Wanda ya zauna a cikin ganuwar Zazzau yana aikin mishan shi ne Likita Walter Miller, ɗan Ingila, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa. Gidan Ɗan Hausa kuwa yana Nasarawa a Kano, inda ya buɗe makarantarsa a 1909.

Babban ƙarin shi ne wai shi ya ƙirƙiro rubutun boko. Tun 1843 James Schön, wanda shi kam haifaffen Jamus ne, ya buga littafin kalmomin Hausa da baƙaƙen Turawa. Aikin Vischer shi ne tsara ƙa'idojin rubutu a 1912. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka samu gindin zama, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. Kafin duk waɗannan, malaman Zazzau suna rubuta Hausa da ajami.

Malamin da zai koyar da wannan tarihi, ya ba Vischer haƙƙinsa na tsara ƙa'ida, kada kuma ya ɗora masa aikin da malamanmu da wasu Turawan suka riga shi yi.