Tsere a Kan Burji: Tunawa da Zamanin 504 Tsakanin Tambuwal da Kebbe

A ƙarshen makon jiya ina dawowa daga ɗaurin auren wani ɗalibina a cikin garin Sakkwato, sai na tarar hanya a toshe. Abokan wani ango ne suka mayar da mahaɗar titi filin wasa. Yaro ya taka mota, ya ja birkin hannu, ta yi juyi biyu tana ƙara, hayaƙin taya ya turnuƙe wurin, jama'a na sowa suna ɗauka da waya. Wata yarinya mai tallar gyaɗa ta tsallake rijiya da baya, domin tazarar da ke tsakaninta da bayan motar ba ta kai taki biyu ba. Na zauna ina Allah wadai kamar kowane magidanci, amma can cikin raina na san abin da yaron nan yake ji. Ni ma na taɓa shiga motar tsere ina ɗan shekara goma, kuma har yau daɗin bai bar jikina ba.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, direban haya ne a tashar Tambuwal a ƙarshen shekarun 1980. Motarsa Peugeot 504 ce, doguwa mai kujeru layi uku, wadda kowa ke kira Fijo. Yakan yi Sakkwato, yakan yi Jega, amma inda aka fi saninsa shi ne hanyar Kebbe. Ga wanda ba ɗan yankin ba, Kebbe gari ne a kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabcin Tambuwal, ba Jihar Kebbi ba, wadda ma ba a ƙirƙiro ta ba sai a 1991. Hanyar kamar yadda nake tuna ta burji ce mai gargada, ga yashi, ga mashigin rafi da kan cika da damina.

Wani matashin direba da bai daɗe da sake zoben injinsa ba ya matsa wa Kawu da gori a tasha, wai tsufa ya kama ƙafarsa ta dama. Maganar ta yi tsawo har dattawan tasha suka ce to a raba gardama. Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu da na girma shi ne sharuɗɗan da suka gindaya, su da ba wanda ya yi boko a cikinsu. Ba za a ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Kowace mota za a ɗora mata buhun gero huɗu domin nauyi ya zo daidai. Za a tashi bayan sallar asuba, kafin a saki dabbobi, kafin yara su fito. Ba za a tashi tare ba, saboda ƙurar na gaba kan makantar da na baya. A bar minti biyar tsakani. Aka daidaita agogo biyu da na rediyo, aka tura ɗan kamasho ɗaya ya kwana a Kebbe da ɗayan. Wanda ya yi nasara shi ke da lodin farko har wata guda.

Ni kuwa yaron motar Kawu ne ya ɓoye ni a layin baya, tsakanin buhuna, da sunan zan riƙe jarkar ruwan lagireto. Sai da muka bar gari Kawu ya gan ni ta madubi. Bai ce uffan ba, illa dai ya ɗan sassauta ƙafa.

Matashin ne ya fara tashi, kuma ya yi gudu na gaske, don mun daɗe muna bin ƙurarsa ba mu hango shi ba. Yaron mota ya shiga damuwa, yana cewa, "Maigida, a ƙara mata wuta!" Kawu ya amsa da harshensa na Sakkwatanci: "Bar shi ya tahi, rahi na nan shina jiran shi." Ƙarshen damina ne, ruwan mashigi bai gama janyewa ba. Da muka iso bakinsa Kawu ya tsaya cak, ya buɗe bonet, ya naɗe kan wayoyin fulogi da tsohon tif, ya sa giya ta ɗaya, ya shiga ruwan a hankali kamar mai jan raƙumi. A ɗaya gaɓar muka tarar da abokin karawarsa tsaye, riga a jiƙe, yana duba injin da ya sha ruwa. Ya afka wa rafin da gudunsa, ruwa ya watsu har cikin wuta, mota ta mutu. Kawu ya leƙo ya tambaye shi ko ya ji ciwo, ya ce a'a. Muka wuce, aka rubuta lokacinmu a Kebbe, sannan muka juyo da igiya muka jawo shi. Da labari ya kai gida, mahaifiyata ta yi kusan wata ba ta amsa gaisuwar ƙanen nata ba, ni kuma na sha bulala wadda har yau ban ce an zalunce ni ba.

A garejin da Kawu ke kai gyara akwai wata tsohuwar kalanda a bango, mai hoton 504 ta yi kaca-kaca da laka, da lamba a ƙofarta da manyan fitilu a gaba. Bakaniken ya ce mana a Kenya ne. Sai da na shiga jami'a na san labarin. Gasar Safari ce, wadda aka fara a 1953 domin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ana ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika, tafiyar kusan kilomita 5,000 a kan hanyoyin da kowa ke bi, a tsakiyar damina. Kuma da irin motocin da ake sayarwa a kanti ake yin ta. A 1963 motoci sama da 80 suka tashi, bakwai kacal suka kai ƙarshe, ta ɗaya kuwa Peugeot 404 ce wadda Nick Nowicki ya tuƙa. A 1965 Joginder Singh, ɗan Kenya, shi da ɗan'uwansa suka lashe gasar da wata Volvo ta hannu da suka gyara da kansu. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci da 504, a daidai shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Ashe abin da dattawan tasharmu suka tsara da basirarsu, wato tashi ɗaya bayan ɗaya, da auna lokaci da agogo, da daidaita nauyi, shi ne ƙashin bayan dokokin irin wannan gasa a duniya.

A nan yammacin Afirka ma akwai gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa, wadda tsananinta ya kai a 1972 ba mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Shekarar ta wuce ba zakara. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko kuwa, a farkon 1979, ta bi ta Agadas da Yamai, nan bayan gidanmu.

Me ya sa 504 ta yi suna haka? Ba don ta fi sauran gudu ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, kuma ƙafafunta na da doguwar lanƙwasa da ke shanye rami maimakon ta miƙa wa direba a ƙugu. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, bakanike da sifana da filaya zai tashe shi a gindin bishiya. Kamfanin ya san duk nasarar da aka samu a dajin Kenya talla ce da ba kuɗin da zai saye ta, kuma direbobi irin Kawu su ne masu saye. An fito da ita a Faransa a 1968, amma Afirka ce ta riƙe ta, har aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da yawa bayan Turawa sun daina.

Ko a Amurka, inda tseren mota ya zama babbar sana'a, asalinsa bai wuce irin gardamar tashar Tambuwal ba. Masu fasa-ƙwaurin barasa a jihohin kudu ne ke gyara motocinsu don su tsere wa 'yan sanda, ranar hutu kuma su gwada wa ya fi wani. Bill France ya tattara su ya kafa ƙungiyar NASCAR a 1948, a garin Daytona Beach na Jihar Florida. Filin tserensu na can abin mamaki ne: rabinsa kwaltar da matafiya ke bi, rabinsa yashin bakin teku, zagaye ɗaya ya haura kilomita 6, kuma dole a yi la'akari da lokacin da ruwan teku ke janyewa kafin a sa ranar tashi. Haka aka yi ta yi har 1958. A gasarsu ta farko ta motocin kanti zalla, a Charlotte cikin Yunin 1949, Glenn Dunaway ne ya fara isowa, amma da alƙalai suka leƙa ƙarƙashin motarsa suka ga an taɓa sifirin na baya, irin gyaran masu dakon barasa, sai aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper. Tun ranar farko doka ta nuna ta fi ƙarfin gudu.

Mu ma ba a bar mu a baya ba a wancan zamani. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, an shigar da tseren motoci cikin shirye-shiryensa a shekarun 1970, lokacin Argungu da Tambuwal da Kebbe duk jiha ɗaya suke. Direbobin tasharmu kan ba da labarinsa kamar yadda ake ba da labarin manyan 'yan dambe. Daga baya abin ya dushe, shi kansa bikin ya tsaya bayan na 2009. Da aka dawo da shi a watan Maris na 2020, an dawo da na motocin ma, inda suka taso daga Abuja, aka kuma fifita waɗanda aka haɗa a Najeriya. Wanda ya jagoranci hukumar da ta shirya shi, Jelani Aliyu, asalin gidansu Dogon Daji ne a Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, kuma shi ya zana siffar motar nan Chevrolet Volt ta kamfanin General Motors. Na yi murna da wannan yunƙuri, sai dai a ganina ya fi kusa da baje koli. Yaron da na gani a mahaɗar titi ba shi da ƙofar shiga cikinsa.

Nan ne damuwata take. Tsararren tseren ya ɓace mana, son gudun kuma yana nan daram, ya koma titin unguwa da ranar biki da hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda direban haya ke tsere da ɗan'uwansa da mutum tara a cikin motar mutum biyar. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, 'yan sanda sun sha haramta wasan mota a biki, ana kama yara iyaye su je su karɓo su, mako mai zuwa a koma. Hani kaɗai bai taɓa kashe wannan ƙishirwa ba. Kakanninmu sun san jinin samartaka na son sukuwa, ba su hana ta ba, amma sun ware mata fili da rana da alƙalai, kuma ba wanda ke sakin linzami a tsakiyar kasuwa ya kwana lafiya.

Abin da nake ganin zai yiwu ba babba ba ne. Bayan an kawar da amfanin gona, a ware wani yanki na hanyar burji, kilomita 20 ko 30, a rufe shi na rabin yini da sanin hakimai da masu unguwanni da makiyaya. Motoci su zama na yau da kullum, irin waɗanda ke tasha. Kowa ya zo da lasisi da hular kwano da bel, a duba birki da taya kafin a ba shi lamba, motar asibiti na tsaye. A tashi ɗaya bayan ɗaya, agogo ya yi hukunci. A yi kyauta ta musamman ga bakaniken da motarsa ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba, ɗalibanmu na injiniya su riƙe awo da lissafi. Wanda kuma aka kama yana juyi a titin gari, a hana shi shiga gasar shekara biyu. Ina da yaƙinin wannan zai fi yi masa zafi fiye da kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda.

Na san abin da za a ce. Za a ce yankin da 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gona, wa ke ta tseren mota? Gaskiya ne, kuma ba zan ce a kai yaran mutane dazukan Kebbe a halin da ake ciki ba. A fara daga inda ke da aminci. Wani malamin zai ce jefa rai ne cikin halaka. Ina girmama wannan ra'ayi, sai dai ran da ake jefawa yanzu na mai tallar gyaɗa ne, wadda ba ta sa hannu a komai ba. Wanda ya shiga fili da hular kwano ya san abin da ya zaɓa.

Da Sallar da ta wuce na je gida, na bi hanyar da motata. An yi kwalbati a wurin mashigin, na wuce shi ban ma ankara ba sai da na juyo. Abokin karawar Kawu yana nan da ransa, furfura ta rufe shi, yana sayar da kayan gyara a wata 'yar rumfa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka gane ni? Ni ne yaron da ke cikin buhuna." Ya yi dariya har da tari, ya yi wa Kawu addu'a, sannan ya kama hannuna ya ce in je in binciki wanda ya riƙe agogo: kafin rafi, shi ke gaba da minti bakwai.