Darasin Jami'a a Bakin Rumbu

Kowace shekara 'ya'yanmu daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sukan ɗauki akwatinsu su tafi jami'a, waɗansu Kano, waɗansu Zariya, waɗansu kuwa nan kusa Dutse, inda aka kafa jami'ar tarayya a 2011. Da yawa cikinsu sukan tarar da darasin tattalin arziki tun a shekarar fari. Su dawo hutu da littafi mai kauri cike da zane-zane, uba ya duba, ya mayar, ya ce wannan sai 'yan boko. Ashe abin da ke cikin babin farko yana nan tsaye a bayan ɗakinsa, watau rumbu.

Ga abin da malamai ke fara koyarwa: bukatun mutum ba su da iyaka, abin biyansu kuwa ƙayyadadde ne, saboda haka tilas a yi zaɓi. Wace uwa ce ba ta san wannan ba? Ita ce ke auna tsaba da kwano kowace safiya, tana lissafin bakunan gida da watannin da suka rage kafin sabon gero ya nuna.

Darasi na biyu ya fi wuya, shi ne kuma aka fi mantawa. Tamanin abu na gaskiya shi ne abin da ka haƙura da shi domin ka same shi. Manomin da ya zuba riɗi a gonarsa ya sayi riɗin nan da dawar da bai shuka ba. Ɗalibi kansa haka ne. Kuɗin makaranta da na littattafai ba su ne dukan abin da gida ya biya ba, gama akwai damina huɗu da fartanyarsa ta yi tana rataye, uba yana biyan 'yan ƙwadago a madadinsa. Ya ɗalibi, in ka zauna a aji ka tuna da wannan lissafi.

Sai batun farashi. Wani Baturen Sukotlan, Adam Smith, ya buga littafinsa a kan arzikin ƙasashe a 1776, tun daga nan masana ke ta bayyana yadda yawan kaya da yawan masu nema ke tsai da farashi. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram da kaka ya ga wannan da idonsa. Kowa ya girbe a lokaci ɗaya, kowa kuma yana da matsuwa a lokaci ɗaya: bashin taki, kuɗin makaranta, auren 'ya, tufafin Kirsimati. Buhuna su cika kasuwa, farashi ya faɗi. Sa'ad da damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, mutumin nan da ya sayar da araha shi zai koma ya sayi hatsi da tsada, watakila ma nasa ne ya dawo masa cikin wani buhu. Bai rasa wayo ba. Kuɗi ne ya rasa a ranar da ake bukatarsu, ɗan kasuwa kuwa yana da su, shi ya sa ya iya jira.

To, sai a ce kowa ya ajiye har damina? A nan ne ɗalibi zai yi wa gida amfani, gama ajiya ma tana da nata tamani. Ƙwari suna ci, ɓera yana ci, danshi yana ɓatawa. Wake ya fi kowa saurin lalacewa, sai dai buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba ya barin iska ta shiga, ya rage wannan asara ƙwarai ba tare da an zuba magani ba. Ban da haka, farashi bai yi wa kowa alkawari ba. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023 abinci ya yi tsadar da ta sa mutane da yawa suka sayi hatsi suka kulle. A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci na kwana 150, ga kuma amfanin gona ya shigo, a 2025 farashin hatsi ya sauka, masu ajiya da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya ci bashi da ruwa domin ya yi ajiyar, shi ya fi shan wuya.

A ganina akwai inda littafin aji ke yin shiru. Yana iya faɗa maka ranar da za ka fi samun riba, amma ba zai tambaye ka wa zai saya a ranar ba. Mun saba yabon Yusufu wanda ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi bakwai, yadda Farawa sura 41 ta nuna, ya kuma buɗe rumbuna sa'ad da yunwa ta zo. Littafin Karin Magana kuwa, sura 11 aya 26, ya yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi fito da hatsi alhali jama'a na bukata. Mai bi da ya ajiye domin iyalinsa ya yi daidai. Wanda ya kulle sito yana jiran gwauruwar maƙwabta ta ƙara matsuwa, sai ya binciki zuciyarsa.

Abin da iyali za su iya yi ba shi da wuya. Da an gama sussuka, ɗalibi ya ɗauko takarda, su zauna da baba da mama. A fara ware baikon Ubangiji, sa'an nan abincin gida har zuwa sabuwar kaka, da iri. Abin da ya rage kaɗai shi ne na kasuwa, shi ma kada a kai shi rana ɗaya. In kuɗin makaranta ne ke tilasta sayarwa da wuri, a dubi akuya ko tunkiya, a gwada wanne ya fi sauƙin asara. Adashin zumuntar mata ma ana iya shirya shi yadda kwasar gidan da ke da ɗalibi za ta faɗo a watan komawa makaranta.