Aibin Kwabo: Daga Maƙera Yake ko Daga Hannun Jama'a?

Jita-jitar da ta cika wayoyin mutane, cewa duk tsohon kwabon da aka ga yana da lahani dukiya ce ta miliyoyi, ta sa wasu sun shiga zazzage akwatunan kakanninsu, alhali masu tara tsofaffin kuɗi ba sa sayen aibi sai wanda ya auku a gidan buga kuɗi, tun kafin kwabon ya faɗa hannun jama'a. Tsatsa da lanƙwasa da gogewar rubutu ɓarna ce ta tsawon zamani, ba ta ƙara wa kwabo daraja ko ta anini. Hujin kwabon zamanin Turawa da gangan aka yi shi, harafin H ko KN da ke jikin wasunsu kuwa alama ce ta kamfanonin Birmingham da suka buga su.

Da'awar da ta fi ɓata mini rai ita ce wai duk kwabon da rubutunsa ya fito biyu-biyu sau biyu aka buga shi. Misalin da ake yawan kafa hujja da shi, wato kwabon Amurka na 1955 mai hoton Lincoln, shi ne ma yake rushe maganar, domin kuwa a Philadelphia aibin ya samo asali ne tun lokacin da ake ƙera hatimin ƙarfen da ke buga kuɗin, yayin da aka danna masa uwar zane karo na biyu ba ta zauna daidai inda ta zauna da fari ba, sai shekarar da haruffan suka fito da tagwayen siffa. Lamarin kamar hatimin alƙali ne: idan maƙeri ya kuskure wajen sassaƙa shi, kowace takarda za ta ɗauki kuskuren iri ɗaya, amma idan hannun magatakarda ne ya yi rawa, takarda ɗaya kaɗai abin zai shafa. Saboda haka masana suke ɗora kwabo ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma: ninkin hatimi yakan fito a tashe, a mulmule, da 'yar tsaga a bakin haruffa, na girgizar inji kuwa a shafe yake kamar an murje shi, kuma ba shi da wata kima. Abin mamaki, ma'aikatan Philadelphia sun lura da kuskuren na 1955, amma suka saki wajen dubu 20 da suka riga suka cakuɗe da na ƙwarai, don narkar da tarin duka ya yi musu nauyi.

Wani sababin aibin shi ne haɗa hatiman da ba 'yan'uwan juna ba, kamar yadda ya faru a Birtaniya a 2008, sa'ad da aka mai da shekara daga bayan kwabon 20p zuwa fuskar Sarauniya, sai aka gama tsohuwar fuska da sabon baya, kuɗin suka fito ba shekara sam.

Akwai kuma kuskuren ƙarfen kansa. A 1943, saboda yaƙi yana buƙatar tagulla, Amurka ta koma buga kwabonta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, amma 'yan ragowar faya-fayan tagulla na shekarar da ta gabata suka saje a cikin inji, aka buga su da shekarar 1943. Mazambata sun daɗe suna shafa wa na ƙarfe tagulla, ko su kankare 8 na 1948 ta koma 3. Maganaɗisu yana kama na shafe nan take, mizani kuma yakan nuna na haƙiƙa giram 3.11, na ƙarfe 2.7, kankararren ne kaɗai ke tsallake su biyun, shi kuwa siffar lambar 3 ce take tona shi.