Intanet na kebul yana yawan katsewa a gida? Abin da ya kamata ku sani

Da zarar intanet ya katse, yawancinmu kamfani muke fara ɗora wa laifi, ko mu ce rauta ta tsufa, a sayo sabuwa. Alhali ga wanda ya jona kwamfutarsa da kebul, sau da yawa matsalar tana nan cikin ɗakinsa. Kafin ku kashe ko sisi, ku gano inda layin yake yankewa.

In ya katse, ku duba wayar salular da ke kan Wi-Fi na wannan rautar. Idan ita ma ta tsaya, matsalar daga rauta ce ko daga kamfani. Idan tana aiki, abin yana tsakanin kwamfuta da rauta. Mai Windows zai iya buɗe Command Prompt ya rubuta ping -t 192.168.1.1, wato adireshin da yawancin rautoci ke amfani da shi, wasu 192.168.0.1 ne, kuma akan rubuta shi a jikin rautar. A wata tagar ya rubuta ping -t 8.8.8.8, na Google. Rauta na amsawa, Google ya yi shiru? To, yanzu ne ya dace a kira kamfani.

Idan kuwa rautar ce ta yi shiru, kebul ne babban abin zargi. Wayoyi 8 ne siraran a cikinsa, an murɗe su bibbiyu. Gudun megabit 1000 yana buƙatar dukkansu, na 100 kuwa 4 sun ishe shi. Saboda haka in kwamfutar da ta saba nuna 1000 ta koma 100, ga alama wata waya ta yanke ko kan kebul bai matsu ba. Ku duba 'yar robar da ke riƙe kan kebul a cikin rami: in ta karye, ƙaramin motsi ya isa ya tsinke layi. Ku bi kebul ɗin da hannu, musamman ƙarƙashin ƙofa, da saman silin inda ɓeraye ke sha'aninsu. Kada tsawonsa ya wuce mita 100. Akwai kuma kebul mai araha a kasuwa, alminiyam ne da aka yi wa fatar tagulla, yana saurin karyewa. Ku nemi Cat5e ko Cat6 na tagulla zalla. Gwaji mafi sauri shi ne a ari gajeren kebul mai kyau, a sauya rami a bayan rauta, a ga ko 'yar fitilar ramin za ta daina mutuwa.

Sai wuta. In katsewar tana zuwa lokacin da aka koma janareta ko firji ya tashi, ku zargi adaftar rauta ko rawar wutar, don rauta kan mutu ta sake tashi ba ku lura ba. Ƙaramin UPS yana maganin wannan. Kada kuma a tusa rautar cikin kabad inda zafi zai dafa ta.

Windows ma kan kashe katin intanet don tsimin wuta. A Device Manager, ku buɗe katin, ku cire alamar da ke ba Windows wannan izini a Power Management. Idan adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, rauta ce ba ta ba ta adireshi ba. Gidan da ke da rauta biyu kuma, a bar ɗaya kawai ta riƙa raba adireshi.

Ku riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ku fara da kebul, shi ya fi araha.