Wane gefen mota ke da inuwa? Lissafin rana ga matafiyan Dakoro

Jama'a masu karatu, musamman 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu kai da kawo tsakanin Dakoro da Maraɗi, a wannan mako za mu duba wata magana da ake yi wa kallon ƙarama, alhali kuwa tana taɓa lafiyar jiki, tana taɓa jari. Maganar ita ce: in an je tasha, wane gefen mota ya kamata mutum ya zauna?

Turawa masu ƙetare teku sun daɗe da wannan lissafi. Akwai wani babban jirgin ruwa na kamfanin Cunard mai suna Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, yana ɗaukar fasinja daga Ingila zuwa birnin Niyu Yok na Amurka, tafiyar kwana 7 a kan tekun Atilantika. Kafin mutum ya biya kuɗin ɗaki, yakan tambayi gefen da ɗakin yake. Su can sanyi ke damun su, don haka hantsi suke nema. A yankinsu rana ta kudu take bi duk shekara, saboda haka mai tafiya yamma zuwa Amurka sai ya kama ɗaki a hagun jirgi, in zai dawo kuma ya kama na dama. Mu a nan inuwa muke nema, amma lissafin ɗaya ne: ka san inda ka nufa, ka san inda rana take.

Hanyar Dakoro zuwa Maraɗi, wadda ta haura kilomita 100, daga arewa ta miƙe zuwa kudu, ta ratsa ƙasar Kornaka, ta haɗu da babbar hanya kusa da Tsibiri. Wanda ya fuskanci kudu, gabas na hagunsa. Ke nan in mota ta tashi daga Dakoro da safe, rana za ta bugi gefen hagu, wato gefen direba, tun hantsi har a shiga Maraɗi. In an gama sari an juyo gida bayan azahar, mota ta fuskanci arewa, rana kuma ta koma yamma, yamma kuwa tana hagu. Ashe mutumin Dakoro mai zuwa da safe ya dawo da la'asar, gefen dama ne nasa zuwa da dawowa. Ɗan Maraɗi mai zuwa cin kasuwar Dakoro da safe ya koma da marece, shi kuma sai ya nemi layin bayan direba.

Masu wucewa Yamai ko Damagaram lissafinsu ya ɗan bambanta, domin waccan hanya gabas da yamma ta miƙe. A nan lokacin shekara ake dubawa. Daga tsakiyar Agusta har zuwa ƙarshen Afrilu, rana tana karkata kudu da mu, kuma karkatar ta fi yawa a Disamba. A waɗannan watanni mai zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ya zauna a dama. Mai zuwa Damagaram ya zauna a hagu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan koma arewa da mu, sai abin ya juye, ko da yake karkatar ba ta da yawa, da tsakar rana kusan a tsakar ka take.

Wani zai ce, duk wannan a kan wurin zama? To, a watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a jikin gilashin mota da aka cika maƙil. Awa biyu ko uku rana na dukan mutum ta gefe ɗaya, sai ya sauka da ciwon kai da jiri, ya shiga ciniki hankalinsa ba ya jikinsa. Abin ya fi tsanani ga mai ciki, mai goyo, tsofaffi da mai azumi. Uwa mai jinjiri ta nemi gefen inuwa, kada ta lulluɓe shi da mayafi mai kauri, ta kuma yawaita ba shi nono a hanya.

Haja ma tana jin rana. Man shanu yana narkewa ya zube, nono yana tsami kafin a kai, ƙwai da tumatir suna lalacewa, kajin da aka ɗaure a saman mota wasu ba su kai kasuwa da rai. Abin da zai shiga cikin mota, a aje shi ƙarƙashin kujera a gefen inuwa. Abin da dole sai an ɗora sama, a roƙi yaron mota ya sa shi ƙasan sauran kaya, ko a rufa masa jiƙaƙƙen buhu, ban da kaji, su iska suke buƙata. Magani da wayar salula kuma kada a bar su jikin taga.

Lokacin ɗari, a Disamba da Janairu, sai mu zama kamar waɗancan fasinjojin jirgin ruwa. Mai sammako daga Dakoro a sanyin hunturu zai fi jin daɗin gefen hagu inda hantsi ke shigowa, sai dai ya rufe taga, domin iskar hunturu da ƙurarta ta arewa maso gabas suke fitowa.

Wannan lissafi yana da amfani har ga mai neman rumfa a kasuwa. Rumfar da ta fuskanci yamma ita ke shan ranar la'asar, atamfa ta koɗe, sabulu da alewa su yi laushi. Wadda ta fuskanci gabas tana shan hantsi, kuma da damina hadari ta can yake tasowa. Mai fuskantar arewa ita ta fi samun inuwa a yawancin shekara.

Sanin gefe kaɗai ba ya ba da kujera, sai an haɗa da sammako, domin da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya riga zuwa tasha shi ke zaɓe, wanda ya makara sai abin da ɗan kamasho ya nuna masa. Muna kuma kira ga direbobi da shugabannin tasha da su riƙa ba masu ciki, masu goyo da dattawa gefen inuwa, samari su haƙura da ɗayan. Hajiya, kafin ki miƙa kuɗin mota gobe, ki tsaya ki duba inda mota ta sa gaba da inda rana take.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.