Tauraron Ɗan Adam: Gaskiya ko Jita-jita?

Idan damina ta ɗauke, sama ta washe, wanda ya zauna a tsakar gida a Kagoro ko Zonkwa bayan faɗuwar rana yakan hangi wani ɗigon haske yana ratsa taurari a hankali, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Yara su ce jirgi ne, manya su ce tauraro ne ya tashi. Yawancin ruɗanin da muke yi a kan wannan abu daga sunan da muka raɗa masa, tauraron ɗan adam, ya samo asali.

"Tauraro ne kamar sauran taurari"

Ba tauraro ba ne. Taurari na ainihi ranaku ne irin tamu, masu wutar kansu, nisa ne ya mayar da su ƙanana a idonmu. Shi kuwa wannan na'ura ce da aka ƙera a ƙasa aka harba da roka. Hasken da muke gani a jikinsa na rana ne yake mayarwa, shi ya sa aka fi ganinsa da magariba ko gab da asuba, lokacin da mu muke cikin duhu amma shi can sama rana na haska shi. Na farko, Sputnik 1, Tarayyar Sobiyet ce ta harba shi ranar 4 ga Oktoba, 1957. Da labarin ya iso mana, sai aka kira shi da abin da ya yi kama da shi a ido, sunan kuma ya zauna.

"Duk abin da ke zagaya duniya mutum ne ya ƙera shi"

Wata ya riga su duka. A wajen masana, duk abin da ke kewaya wani babba a sararin samaniya ajinsu ɗaya, ko halitta ne ko ƙira. Wata yana da nisan kusan kilomita 384,000 daga nan, kuma daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, dalilin da ya sa watanninmu ke yin 29 ko 30. Shi ma haskensa aro ne daga rana. Mukan ce Zara matar wata, don muna yawan ganinsu kusa da juna da yamma. Magana ce mai daɗi, amma Zara duniya ce mai zaman kanta, rana take zagayawa kamar yadda tamu ke yi.

"A tsaye yake wuri ɗaya, shi ya sa dish ba ya motsi"

Wannan kuskuren yana da hujja a ido. Mai saita dish a Kafanchan ya hau kwano, yana juya farantin kaɗan-kaɗan, wani a ɗaki yana kallon talabijin yana ɗaga murya: "Ya kawo! Ɗaure haka!" A ɗaure noti, shekara da shekaru ba a sake taɓa shi ba. Sai mu ɗauka abin da yake kallo a kafe yake.

Da zai tsaya, da ya faɗo. Gudu ne ke riƙe da shi, kamar dutse a majajjawa: ƙasa na janyo shi, saurinsa na hana shi sauka. Taurarin talabijin ana ajiye su a nisan kusan kilomita 36,000, inda zagaye ɗaya ke cin kwana guda, daidai da juyawar duniya. Tare muke juyawa da su. Na ƙasa-ƙasa kuwa, irin na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023, cikin kusan awa ɗaya da rabi suke gama zagaye, kuma irinsu ne muke gani suna wucewa.

"Ruwan sama na taɓa shi, shi ya sa hoto ke ɗaukewa"

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a watan Agusta ya san wannan takaici. Amma gajimare bai wuce 'yan kilomitoci sama da kanmu ba. Ɗigon ruwa ne ke shanye saƙon a hanyarsa ta saukowa, tauraron kuwa lafiyarsa ƙalau.

"Duk kiran waya ta can yake bi"

Yawancin kiranmu ƙarfen sabis mafi kusa ne ke karɓa, ya miƙa wa wani ƙarfen ko wayar da aka binne a ƙasa. Shi ya sa sabis ke yankewa a bayan dutse. Tunanin dai yana da tushe, domin a zamanin NITEL kiran ƙasashen waje kan bi ta tashoshin tauraro, irin wadda aka gina a Kujama, kan hanyar Kaduna zuwa Kachia.

"Na Najeriya ya ɓace tun tuni"

Wanda ake magana a kai lalacewa ya yi, ba ɓacewa ba. NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 bayan faifan da ke tara masa wutar rana ya sami matsala. Labarin asara ya fi gudu a bakin mutane, shi ya sa ba a cika tuna cewa an harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamban 2011 ba. Kafin su akwai NigeriaSat-1 na 2003, mai ɗaukar hoton ƙasa, sannan a Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila.