Taura Biyu: Aikin Albashi da Ƙirƙirar Wasannin Waya

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma daga Funtuwa har Malumfashi, an daɗe ana riƙe sana'a biyu ba tare da ɗaya ta kashe ɗaya ba. Da damina mutum yana gonar masara, dawa ko auduga. Kaka na wucewa sai ya koma saƙa, rini, fatauci ko lambu. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne kowace sana'a tana da lokacinta. Wannan ne darasin da matasa masu sha'awar ƙirƙirar wasannin waya da na kwamfuta suka fi bukata.

Wasan da yaro ke latsawa a waya aiki ne na hannu da yawa: mai rubuta manhaja, mai zane, mai haɗa sauti, da mai tsara yadda wasan zai gudana. A ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa, mutum uku ko huɗu ne ke ɗaukar duk wannan. Ga shi kuma galibi wasa ba ya kawo ko kwabo sai an gama shi, alhali kuɗin data, man janareta da cefane ba sa jira. Shi ya sa galibinsu ke riƙe aikin albashi, ko su karɓi kwangilar gina wa makaranta ko ɗan kasuwa manhaja, su bar nasu wasan zuwa dare da ƙarshen mako.

Haka manya suka faro. Markus Persson na ƙasar Suwidin yana ma'aikacin wani kamfani ya fitar da Minecraft a 2009, kuma bai koma kan wasan gaba ɗaya ba sai da ciniki ya kankama. A 2014 Microsoft ya sayi kamfaninsa kan dala biliyan 2.5. Eric Barone na Amurka ya shafe shekara huɗu da rabi yana haɗa Stardew Valley, wasan da ya ginu kan noma da kiwo, yana kuma aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a wani gidan wasan kwaikwayo a Siyatil. Da wasan ya fito a 2016, cikin wata biyu aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. A shekarar ce kuma Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion, duk da ɗauke wutar lantarki irin tamu. Ko a gida, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na sa-kai ne suka haifi masana'antar finafinan Hausa, irin su Tumbin Giwa ta Kano da ta yi Turmin Danya a 1990.

Sai dai waɗannan su ne suka tsira. A dandalin sayar da wasanni na Steam kaɗai ana fitar da wasanni fiye da dubu goma a shekara, mafi yawansu ba a jin ɗuriyarsu, ban da waɗanda ba a taɓa kammalawa ba. Abubuwa uku ne suka fi kashe aikin gefe.

Na farko gajiya. Wanda ya wuni gaban kwamfuta yana aikin wani, ya kwana gabanta yana nasa, ba da jimawa ba zai ɓata duka biyun. Gara a ware sa'o'i ƙayyadaddu a mako, a tsaya a kansu, a bar wa barci, iyali da ibada haƙƙinsu.

Na biyu rikicin mallaka. Yarjejeniyar ɗaukar aiki a kamfanoni da yawa tana mallaka wa kamfani abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a lokacin aiki ko da kayan aikinsu. Don haka a karanta takarda kafin a sa hannu, a sanar da maigida, kada a taɓa kwamfutar ofis. Tsakanin abokai ma a rubuta kason kowa tun babu riba, domin ranar da kuɗi suka shigo zumunci kaɗai ba ya raba gardama.

Na uku dogon buri. Mafari kan so ya yi gogayya da wasannin da ɗaruruwan ma'aikata suka gina. Ƙaramin wasan dara ko langa da aka kammala cikin wata uku ya fi ƙaton wasan da ya tsaya a baki. Kayan aiki ma ba su fi ƙarfin talaka ba: manhajar haɗa wasanni ta Godot kyauta ce, rajista a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, Steam kuwa dala 100 kan kowane wasa, sannan ya ɗebi kashi 30 cikin ɗari na ciniki.

Yaushe ake ajiye aikin albashi? Yabon abokai ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne wasan ya riƙa kawo abin da zai ciyar da gida wata bayan wata, kuma akwai ajiyar da za ta ɗauki iyali idan kasuwa ta juya. Kafin nan, albashin nan da ake rainawa shi ne jarin da ke riƙe da wasan, kuma shi ke ba mutum damar gyara aikinsa a natse ba tare da bashi ya tilasta masa fitar da shi ɗanye ba.